Garwa da akwatin zaɓe: wa ke fita, wa ke zama gida?

A zaɓen shugaban ƙasa na Oktoban 2018, jihohi uku na arewacin Kamaru, wato Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, sun bai wa Shugaba Paul Biya tsakanin kusan kashi 80 zuwa kashi 89 cikin ɗari na ƙuri'un da aka kaɗa. Bayan shekara bakwai, ranar 12 ga Oktoban 2025, samarin Garwa, babban birnin jihar Arewa, suka yi dafifi a kan tituna suna mara wa ɗan takarar adawa Issa Tchiroma Bakary baya, har aka yi arangama da jami'an tsaro a ranar zaɓen kanta. Masu sharhi a Yawunde da Duwala suka ce arewa ta juya wa gwamnati baya dare ɗaya. Duk wanda ya san zaman majalisar ƙofar gida a unguwar Hausare ko Fulɓere ta Garwa ya san maganar ta fi haka tsawo. Ra'ayin unguwa daban, abin da ke fitowa daga akwati daban, kuma tsakaninsu akwai tafiya mai nisa da mutane da yawa ke zubewa a hanya.

A fara da lissafi. Mutanen Kamaru sun kusa miliyan 30. Doka ta ce sai mutum ya cika shekara 20 yake zaɓe, kuma kusan rabin 'yan ƙasa ba su kai nan ba. Ko an cire su, waɗanda suka isa zaɓe ba su gaza miliyan 13 ba. A 2025 kimanin miliyan 8 ne sunansu ke cikin rajistar hukumar zaɓe ta ELECAM. Cikinsu kimanin miliyan 4.6 suka fita. Majalisar Tsarin Mulki ta bayyana ranar 27 ga Oktoba cewa Biya ya samu kashi 53.66, Tchiroma kashi 35.19. Ke nan, ko a alƙaluman hukuma, masu rajistar da suka zauna gida, kusan miliyan 3.4, sun fi yawan waɗanda aka ce sun zaɓi wanda ya ci. In aka haɗa da miliyoyin da ba su ma yi rajista ba, sai a ga cewa ƙalilan ne ke yanke hukunci a madadin kowa. Haka yake a ƙasa baki ɗaya, haka yake a kowace unguwa, sai dai a wasu unguwannin giɓin ya fi faɗi.

Garwa ba gari ne mai fuska ɗaya ba. Tun 2007 aka raba shi zuwa ƙananan hukumomi uku. Akwai tsohon gari a kewayen fadar Lamiɗo da babbar kasuwa, inda Fulɓere da Hausare suke: Fulani da Hausawa da Barebari, malamai da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Akwai Filato mai ofisoshi da gidajen ma'aikata, waɗanda da yawansu aiki ne ya kawo su daga kudu. Akwai Yelwa da Rumde Ajiya, inda ake cakuɗe da Kirista da Musulmi, Fali da Gidar da Mundang da Tupuri da mutanen da asalinsu Cadi ne. Akwai Jambutu ta ɓangaren masana'antu. Sannan ga sababbin unguwanni a bakin gari da ke cika kullum da masu baro ƙauye da masu gudun rikicin Boko Haram daga Arewa Mai Nisa. Kowace unguwa da tarihinta a siyasa, kowace kuma da irin cikas ɗin da ke hana mutanenta isa akwati. Amma Majalisar Tsarin Mulki tana karanta sakamako ne sashe-sashe, a ce ga abin da sashen Binuwai ya bayar, birni da ƙauye a dunƙule. Wanda yake son sanin inda unguwa ta karkata, dole ya tsaya a rumfar zaɓe da maraice ya ji ƙirga da kunnensa.

Tsohon gari yana da tabon da bai warke ba. Ahmadu Ahidjo, shugaban ƙasa na farko, haifaffen Garwa ne. Ya sauka da kansa a Nuwamban 1982 ya miƙa wa Biya, ba a jima ba suka ɓata. Bayan yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilun 1984 aka kama 'yan arewa da yawa, sojoji da farar hula, aka kashe wasu, wasu suka shekara da shekaru a kurkuku. Tchiroma na cikin waɗanda aka tsare, haka ma Dakole Daissala. Tsohon firaminista Bello Bouba Maigari ya yi gudun hijira zuwa Najeriya. Ahidjo ya rasu a Dakar a 1989, kuma har yau kabarinsa na can. Yaron da aka haifa a 2003 bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma ya tashi yana jin su a bakin kakarsa.

Shi ya sa da aka buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa a ƙarshen 1990, Garwa ta zama gidan jam'iyyar adawa ta UNDP, wadda Bello Bouba ya zo ya jagoranta. A zaɓen majalisar dokoki na Maris 1992, cikin kujeru 180, RDPC mai mulki ta samu 88, UNDP ta samu 68. Abin da ya ceci gwamnati shi ne kujeru 6 na jam'iyyar MDR ta Dakole Daissala, wadda ta tattara ƙabilun arewa da ke ganin mulkin Ahidjo na Fulani da Musulmi ne ya danne su. Daga wannan rana gwamnati ta gane darasi biyu: arewa na rabuwa ta layin addini da ƙabila, kuma shugabanninta na karɓar kujerar minista. A ƙarshen 1992 Tchiroma da Hamadou Moustapha suka shiga gwamnati ba da yardar jam'iyyarsu ta UNDP ba. A 1996, bayan adawa ta ci manyan birane da dama a zaɓen ƙananan hukumomi, aka naɗa wakilan gwamnati a kan biranen, har da Garwa, su ne masu riƙe da kuɗi da iko a saman zaɓaɓɓu. A Disamban 1997 Bello Bouba da kansa ya zama minista. Kujerun UNDP suka sauko daga 68 zuwa 13 a 1997, suka koma 1 tak a 2002.

Wannan tarihi shi ne ya haifi halin da baƙo ke kasa fahimta. Mutumin Hausare zai zaɓi UNDP ko FSNC, jam'iyyar da Tchiroma ya kafa a 2007, a zaɓen kansila da na ɗan majalisa, don yana ganin tasa ce. In zaɓen shugaban ƙasa ya zo, sai shugabannin waɗannan jam'iyyu su hau mumbari su ce a zaɓi Biya, kamar yadda suka yi a 2011 da 2018. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Magoyin bayansu ba ya son Biya, ba shi kuma da ɗan takarar da ya sani. Wasu su bi umarnin jagora, da yawa su yi zamansu a gida. Da aka tattara ƙuri'un waɗanda suka fita sai a ga kashi 80, a kira arewa rumbun ƙuri'un gwamnati. Shirun wanda bai fita ba ba ya shiga lissafi, kuma shekara da shekaru aka yi ana fassara shi da yarda.

Sai dai ba kowane mai zama gida ne ya zauna don fushi ba. Da yawa takarda ce ta tare su tun daga bakin ƙofa, kuma a ganina nan ne gaskiyar matsalar take. Rajistar zaɓe, wadda ake yi da hoto da zanen yatsa tun 2012, tana buƙatar katin ɗan ƙasa. Katin ɗan ƙasa na buƙatar takardar haihuwa da takardar shaidar zama ɗan ƙasa daga kotu. Takardar haihuwa kuwa, in iyaye ba su kai rahoto cikin wa'adi ba, sai an je kotu an yi hukunci da shaidu, a biya nan a biya can. A arewa, inda haihuwa a gida ta yi yawa, yara masu ɗimbin yawa sukan kai ajin ƙarshe na firamare ba su da ita, su kasa zana jarrabawa. Wanda ya bi ta makarantar allo kaɗai babu ma ranar da wani zai tambaye shi takardar, sai ran da ya girma ya ci karo da shingen 'yan sanda. Shekaru aka kwashe mutane na yawo da rasit ana ƙara masa wa'adi, katin bai fito ba. A 2025 aka shigo da sabon tsari mai alƙawarin kati cikin awa 48, amma kuɗin ya tashi daga saifa 2,800 zuwa 10,000, kuma ana fara cike bayanai ta intanet. A jihar Arewa, inda binciken hukumar ƙididdiga na 2022 ya nuna kusan mutum 6 cikin 10 na cikin talauci, ga magidanci mai mata biyu da 'ya'ya manya huɗu, wa zai fara yi wa?

Ga Bahaushe akwai ƙarin nauyi. Hausawa sun shigo ƙasar Adamawa tun ƙarni na 19, fatake da malamai da mahauta da marina, tun kafin Bajamushe ya zo, balle a shata iyaka. Duk da haka, wanda ya je neman takarda da suna irin na Kano da Faransanci mai rauni yakan sha tambayar da maƙwabcinsa ba ya sha: ina aka haifi ubanka, ina shaidar kai ba ɗan Najeriya ba ne? Wasu sukan jure su kammala. Wasu sukan ce abin ya ishe su, su koma kasuwa. Mata sun fi kowa faɗawa wannan rami. Yarinyar da aka aurar tana ƙarama, ba takardar haihuwa, ba takardar aure ta hukuma, sau da yawa ba ta wanzu a kowane littafin gwamnati ba. Takan haifi 'ya'ya bakwai, ta tarbiyyantar da su, ta riƙe gida da sana'ar ƙosai ko ƙuli-ƙuli, amma ranar zaɓe ba ta da abin nunawa.

Wanda ya tsallake wannan, saura lokaci. Ana buɗe rajista daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Agusta kowace shekara, kuma ana rufe ta da zarar an sa ranar zaɓe. Yawancin mutane sai guguwar kamfe ta taso suke tunawa, alhali an riga an rufe. Samari da yawa da suka cika tarukan Tchiroma a Satumba da Oktoban 2025 sun makara a nan, domin sai a ƙarshen Yuni ya ajiye muƙaminsa na minista. Taro ya cika fili, amma ba duk mai ɗaga hannu ne ke da suna a rajista ba.

Ranar zaɓe ma tana da nata. Mutum yana zaɓe ne a rumfar da sunansa yake. Ɗan kasuwar da ya yi rajista a Garwa amma Lahadin ta same shi a unguwar Birketiri ta Yawunde, ko a Duwala wajen sauke albasa, ya rasa ƙuri'arsa, domin ana rufe iyakoki a kuma taƙaita zirga-zirga tsakanin garuruwa. Direban babbar mota haka, mai kai shanu kudu haka. Oktoba kuma lokacin dashen dawar masakwa ne da girbi, 'yan ƙwadago na bakin gari suna gona. Wani ya zo ya tarar an mayar da sunansa wata makaranta mai nisa. Wani katinsa bai taɓa zuwa hannunsa ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, katunan da ba a karɓa ba ana kai su rumfa ranar zaɓe, kuma doka ta ba kwamitin rumfa damar barin mai suna a rajista ya yi zaɓe ko ba katin zaɓe, muddin an tabbatar shi ne. Rashin sanin wannan kaɗai ya mayar da mutane gida ba adadi.

Sannan ga yadda ake jefa ƙuri'ar. A Kamaru ba takarda ɗaya ake bayarwa mai ɗauke da dukkan 'yan takara ba. Kowane ɗan takara da tasa takardar. Mai zaɓe ya ɗebi duka, ya shiga bayan labule, ya sa guda a ambulan, ya zubar da sauran a kwandon shara. Wannan tsari shi ne ya sauƙaƙa cinikin ƙuri'a, domin mai saye yakan ce a fito masa da takardun sauran 'yan takara a aljihu, shaidar cewa tasa aka jefa. 'Yan adawa sun daɗe suna neman a koma takarda guda, ba a yi ba. A unguwar da kowa ya san kowa, wannan ya wuce maganar saifa dubu biyu da sabulu da atamfa mai hoton shugaba. Magana ce ta kunya da tsoro. Dattijo zai ce wa ɗan ƙaninsa, “Kai yaro, kada ka ja mana abin da ya fi ƙarfinmu, jauro ya san gidan nan.” Yaron ya ce, “To Baffa, ko na jefa ko ban jefa ba, ai an riga an rubuta.” Dukansu biyu hanyar zama gida suke nunawa, ɗaya don tsoro, ɗaya don yanke ƙauna.

Ambaton jauro, wato mai unguwa, ba a banza ba ne. Dokar 1977 ta kasa sarakunan gargajiya hawa uku ta mai da su mataimakan hukuma, kuma tun 2013 ana biyan su duk wata: saifa 200,000 ga hawa na ɗaya, 100,000 ga na biyu, 50,000 ga na uku. Marigayi Lamiɗon Garwa Alim Garga Hayatou ya daɗe yana riƙe da muƙami a gwamnati har rasuwarsa a 2021. Lamiɗon Rai Buba, Aboubakary Abdoulaye, jigo ne a RDPC da majalisar dattawa. A ƙauye, inda gona da shari'ar gado ke hannun sarki, kalmarsa kan kwashe akwati sukutum. A birni ƙarfin ya ragu sosai. Ɗan acaba mai haya a Rumde Ajiya ba gonar kowa yake nomawa ba, kuma labarinsa daga WhatsApp da Facebook yake samu. Wannan bambanci tsakanin birni da ƙauye shi ne ke ɓacewa idan aka karanta sakamakon sashe a dunƙule.

To me ya fito da mutane a 2025? Ba tsarkin ɗan takara ba ne, kuma ya kamata a faɗi wannan ba kwana-kwana. Tchiroma ya yi shekara 10, daga 2009 zuwa 2019, yana ministan sadarwa mai kare gwamnati a kowane hali. A Yulin 2018, da bidiyon sojoji suna harbe mata biyu da 'ya'yansu a Arewa Mai Nisa ya bazu, shi ne ya fito ya ce ƙarya ce, daga baya kotun soja ta ɗaure sojoji huɗu a kan kisan. Mutanen Garwa ba su manta ba. Abin da suka gani shi ne, a karon farko tun 1992, ga ɗan gari ya tsaya da gaske, an hana jagoran adawa Maurice Kamto takara, kudu na neman wanda za ta bi, shugaban ƙasa kuma yana da shekara 92. Wato ƙuri'a ta yi kama da abin da zai iya tasiri. Bello Bouba ma ya fito, amma ya ƙare da ƙasa da kashi 3, alamar cewa mutane sun bi wanda suke ganin zai iya kaiwa ne, sun bar tsohuwar biyayyar jam'iyya.

Ƙarƙashin wannan akwai gajiya da ta taru. Madatsar wutar lantarki ta Lagdo da aka gama a farkon shekarun 1980 ta kasa ɗaukar nauyin jihohi uku, ana ɗauke wuta a tsakiyar zafin Maris da Afrilu. Hanyar Ngaundere zuwa Garwa ta zama abin kuka ga duk direba. Jirgin ƙasa ya tsaya a Ngaundere tun 1974 bai ƙara gaba ba. Tashar jiragen ruwa ta Binuwai ta mutu. Da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023, man zuwa-zuwa, wato wanda ake shigowa da shi ta sumoga daga Najeriya, da 'yan acaba ke dogaro da shi ya yi tsada, a daidai lokacin da gwamnatin Kamaru ta ƙara kuɗin mai a 2023 da 2024. Ga kuma 'ya'yan gari irin su tsohon minista Marafa Hamidou Yaya, da ke tsare tun 2012, wanda mutane da yawa a Garwa ke ganin siyasa ce ta kai shi. Wannan gajiya ba ta tambayi addinin kowa ba. A farkon 2025 limamin Katolika na Yagwa, Barthélemy Yaouda, ya faɗa a bainar jama'a cewa wahala ta isa, ko shaiɗan ne ya fara karɓar mulkin tukuna. Layin da ya raba Yelwa da Fulɓere a 1992 ya dushe a wannan karo, kuma ko a sakamakon hukuma ƙuri'un Biya a arewa sun faɗi warwas idan aka kwatanta da 2018.

Bayan an rufe rumfa da ƙarfe 6 na yamma, ana ƙirga a gaban jama'a, kowane wakilin ɗan takara ya sa hannu a takardar sakamako ya karɓi kwafinsa. Amma dokar zaɓe ta 2012 ta ce in aka samu saɓani, kwafin ELECAM ne abin dogaro. Hotunan da samari suka ɗauka da waya a rumfunan unguwannin Marware da Pumpumre sun isa su gamsar da unguwa, ba su isa su tsaya a gaban kotu ba. Tchiroma ya ce shi ya ci, gwamnati ta ce doka ta hana kowa faɗin sakamako sai Majalisar Tsarin Mulki. Aka yi zanga-zanga a Garwa da Duwala da wasu garuruwa, aka rasa rayuka, aka kama mutane da yawa, shi kuma ya bar ƙasar, Gambiya ta sanar a Nuwamba cewa yana can. Abin da nake tsoro shi ne wanda ya yi zaɓen farko a rayuwarsa, ya tsaya har dare ya ga ƙirga, ya koma ga maganar “an riga an rubuta” da hujja a hannunsa.

In haka ta faru, asarar za ta fi tsanani a zaɓen da aka fi rainawa, wato na kansiloli. A Fabrairun 2020 ko rabin masu rajista ba su fita ba, alhali a nan ne ƙuri'ar unguwa ta fi nauyi. Jerin sunaye ake zaɓa. Jerin da ya haura rabin ƙuri'u ya kwashe kujerun majalisar ƙaramar hukuma duka. In babu wanda ya haura, na gaba ya ɗauki rabi, a raba sauran tsakanin waɗanda suka kai kashi 5. Ƙuri'u ɗari biyu ko uku daga lungu biyu na Hausare na iya sauya wanda zai riƙe rumfunan kasuwa da magudanan ruwa da ofishin da ke ba da takardar haihuwar nan da muka yi magana a kai. Kansilolin nan su ne ke zaɓen magajin garin Garwa tun bayan dokar 2019 da ta soke naɗaɗɗen wakilin gwamnati. Su da 'yan majalisar jiha ne ke zaɓen sanatoci 70 cikin 100, kansilolin ne kuma ke zaɓen 70 daga cikin 'yan majalisar jiha 90. Doka ta ce kowane jeri ya nuna al'ummomin da ke zaune a wurin, kuma jam'iyya ba ta sa Bahaushe a sahun gaba na jerinta sai ta ga unguwarsa na da suna a rajista. An ɗage zaɓen kansiloli da na 'yan majalisa da ya kamata a yi a farkon 2025, saboda haka kansilolin da tsirarun mutane suka zaɓa a 2020 su ne suka sake zaɓen majalisun jihohi a ƙarshen Nuwamban 2025, makonni kaɗan bayan duk abin da ya faru a titunan Garwa.